Goran Ruwan Baffa

Shekaranjiya jikata ta dawo daga makaranta da gudu, goran ruwanta na ƙarfe yana lilo a kafaɗarta, ruwan ciki yana bugun jikin goran. Ina tsakar gida ina tsinke zogale, amma da na ji wannan ƙara sai hannuna ya tsaya cak. Ita ba ta san abin da ta tayar ba, ta wuce ɗaki tana cigiyar abinci. Ni kuwa ta mayar da ni gidanmu na Minna, ta mayar da ni wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda tun kafin ka ga fuskarsa za ka ji tahowarsa da irin wannan ƙara. Bari in ba ka labarinsa, ko da yake in ka bi shi a hankali za ka ga ba ni ce mai gaskiya a cikinsa ba.

Gidanmu yana kusa da layin dogo, don kakanmu jirgin ƙasa ne ya kawo shi garin da keken ɗinkinsa, ya ga wuri ya zauna. Ni ban riske shi ba. Na taso na tarar da Kaka, wadda aka sa mini sunanta, da Baba wanda ya gaji ɗinkin, da Mama, da Yaya, da ƙannena biyu. Sai Baffa a ɗakin da ke manne da zaure. A tsakar gidan akwai wata ƙatuwar bishiyar mangwaro da ta girmi kowa ban da Kaka. In bazara ta kama, duwatsun garin suka sha rana suka fara mayar mana da zafinsu, gindin mangwaron nan shi ne falonmu, shi ne kicin, shi ne kotu.

Baffa tsohon soja ne. Ya je yaƙin basasa yana saurayi, bayan an gama ya ɗan ƙara shekaru a bariki, sannan ya dawo gida. Mutanen unguwa Kofur suke ce masa. A ƙofar gida yake gyaran keke, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kuma a gefensa kullum akwai randa cike da ruwa da moɗa a kai, don masu wucewa. Ba ya son surutu. In ka gaishe shi zai amsa, in ka ƙara wata magana zai dube ka kamar ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa zuwa ba. Ni dai Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa da nake da shi, kuma duk gidan ni kaɗai yake yi wa murmushi har haƙoransa su fito.

To, goran. Na ƙarfe ne irin na soja, an lulluɓe shi da wani koren yadi da ya koɗe, gefe ɗaya a loɓe. Kullum yana rataye a kwankwasonsa. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci zai tsaya a gindin mangwaro, ya buɗe shi, ya tsiyaye ruwan jiya a hankali har ya ƙare, ya ɗauraye, ya cika da sabo, ya rataya. Ba wanda ya taɓa ganin ya kai shi bakinsa. Ko a watan azumi, ranar da maƙogwaro ya bushe kamar ƙirgi, in an sha ruwa daga randa yake ɗiba, goran na nan a jikinsa cike.

Ka san halinmu, abin da ba mu gane ba sai mun nema masa suna. Matan unguwa suka ce wani abu ne ya biyo shi daga kurmi, shi yake shayarwa a gindin bishiya. Wasu har suka hana 'ya'yansu shan mangwaronmu, abin da mu yara muka ji daɗinsa ƙwarai. Kaka ta sha kawo masa rubutu, ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Ta turara ɗakinsa da hayaƙin itatuwa iri-iri, ya zauna a ciki yana tari. Washegari kuma ya tsaya a gindin mangwaro ya tsiyaye ruwansa. Abin yana ci wa Kaka rai, ɗan gidan salla yana zuba wa ƙasa ruwa kullum da sassafe a gaban mutane. Baba kuwa cewa yake yi duk wanda ya ji ƙarar bindiga da yawa sai kansa ya taɓu. Iyakar saninmu da soja ke nan: fareti, da bulala, da kiɗan nan da ake sakawa a rediyo da safe in an wayi gari gwamnati ta canza. A cikinmu ba wanda ya taɓa zama ya ce, Baffa, wai ruwan nan na mene ne? Kunya ta hana manya, tsoro ya hana yara.

Ina aji biyar a firamare Baba ya sayo bidiyo, na hannu, wajen wani mai kanti da yake yi wa ɗinki. Daga ranar muka zama manya a layinmu. Duk Asabar bayan azahar, in akwai wuta, falonmu sai ya cika da yaran unguwa har bakin ƙofa, warin zufa da na ɗanyen mangwaro ya gauraye, fanka tana juyawa ba ta tsinana komai. Fim ɗin yaƙi muka fi so. Yaya ne mai fassara, alhali Turancin nasa a makaranta ma da ƙyar yake kai shi. Bature zai yi magana mai tsawo, Yaya ya ce, "Ya ce ubanka." Mu kuwa mu fashe da shewa. A wajenmu yaƙi mutum biyu ne, akta da bos. Akta ba ya mutuwa, ba ya jin yunwa, harsashinsa ba ya ƙarewa. Sauran da suke zubewa kamar ganyen mangwaro ba ma ko ƙirga su a mutane, tafi muke yi.

In mun fito sai mu kalli Baffa a rumfarsa yana facin taya, siriri, wuyansa duk jijiya, mu ga ko kusa bai kama ƙafar akta ba. Bai taɓa shiga kallon ba. Wata rana Yaya ya yi ƙarfin hali ya ce masa, "Baffa, mutum nawa ka kashe a yaƙi?" Baffa bai ɗaga kai ba. Ya miƙa masa famfon keke ya ce ya ba tayar nan iska.

Bayan kowane fim sai mun yi namu yaƙin a bayan gida, da bindigogin kara. Ni kullum nas suke ba ni, wai mace ba ta harbi, in zauna ina ɗaure wa ƙazaman ƙafafunsu tsumma. Abin yana ƙona mini rai. Ranar nan na ce sai na yi kwamanda. Suka ce to, in kawo kayan soja na gaske. Na san lokaci ɗaya tak da Baffa yake rabuwa da goran: in zai shiga wanka, sai ya rataye shi a ƙusar da ke jikin bangon bayi. Na laɓe har na ji ƙarar zubar ruwa, na miƙa hannu na zare shi, na ruga. Na zama kwamanda kuwa. Muka sha ruwan ɗaya bayan ɗaya, ragowar na juye wa wani yaro a ka.

Muna cikin haka sai ga Baffa, daga shi sai zanin wanka, da kumfar sabulu a kunnensa. Ya daka wata tsawa da ban taɓa sanin tana cikin ƙirjinsa ba. Yaran suka watse. Ya damƙe dantsena ya jijjiga ni, idonsa ja, yana kallona amma ba ni yake gani ba. Ya fizge goran, ya kaɗa shi a kunnensa. Da ya ji ba komai a ciki sai ya sake ni, ya zauna daɓas a cikin ƙasa. Na ruga wajen Mama ina ihu. Ta ga shatin yatsunsa a hannuna, ta tambaye ni me na yi masa. Na ce ban yi masa komai ba, wucewa kawai na zo yi. Tsoron bulala ne ya sa na faɗi haka, kuma da na faɗa sau ɗaya sai na kasa warwarewa. Aka tambayi Baffa, bai tona mini asiri ba.

Kwana uku bayan haka ina tsintar shinkafa a bayan ɗakin Kaka na ji ita da Baba suna magana ƙasa-ƙasa. Sun yanke shawara: tunda abin ya kai ga taɓa yara, ranar Lahadi za a ɗauki shatar mota a kai shi wajen wani mai magani a wani ƙauye can bayan Gidan Kwano a hanyar Bida, a ce masa za a je dubiya ne. Na san wurin. An taɓa kai ɗan maƙwabtanmu, ya yi wata bakwai, ya dawo da tabon mari a idon sawunsa, kuma bai ƙara kallon mutum a ido ba. Na ji Kaka tana kuka tana cewa ita ta haife shi, amma ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Shinkafar nan ban san yadda na gama tsince ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yammacin ranar Baffa ya kira ni rumfarsa. Ya ɗauki takalmina da ya tsinke ya ɗinke, ya duba dantsena, ya ce, "Uwata, ki yafe mini." Ya ba ni rake gaɓa biyu. Na karɓa, na sha, ban warware ƙaryata ba. Ina gaya maka wannan ne don ka san yaro ma yana iya zalunci, kuma yana sane.

Ranar Asabar ta zo. Baba ya ce a yi komai kamar yadda aka saba, kada Baffa ya ga wani canji. Saboda haka aka sa fim, shi ma Baba ya rufe shago da wuri ya zauna a kujerarsa, ko da yake hankalinsa ba ya kan talabijin. Hadari ya haɗu a gabas tun hantsi bai zubo ba, gari ya yi ɗif. Ni ina can ƙurya kusa da taga. Fim ɗin irin wanda muka saba ne, Turawa a wani daji suna ta harbe-harbe. Sai aka zo wani wuri da ba mu so, irin wurin da muke cewa Yaya ya tura gaba: an harbi wani soja a ciki, yana kwance, abokinsa ya ɗora kansa a cinya. Wanda aka harba yana motsa baki. Ko ba fassarar Yaya kowa ya san ruwa yake nema. Abokin ya kai hannu kwankwasonsa ya ciro gora, sak irin na Baffa.

"Kada ka ba shi!"

Muryar daga taga ta fito, daidai kaina. Baffa ne, ya zo wucewa da bokiti zai cika randar ƙofar gida, ya tsaya. Yara suka tuntsire da dariya, wai Kofur yana magana da talabijin. Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. A cikin fim ɗin abokin ya buɗe goran, ya ɗaga kan mutumin, ya ba shi. Mutumin ya sha, ruwan yana zuba ta gefen bakinsa, sannan ya mutu. Baffa ya ajiye bokitin a hankali. Ya ce, "Shi ya ba shi."

Baba ya tashi ya kashe talabijin, ya sallami yaran unguwa. Ya fita tsakar gida, ya kama hannun ƙaninsa, abin da ban taɓa gani ba, ya zaunar da shi a gindin mangwaro. Kaka ta fito da carbinta. Ba wanda ya kore ni, don ba wanda ya tuna da ni. Baba ya ce, "Kai wa ka hana?"

Ba zan iya maimaita maka yadda ya faɗa ba, don a gutsure-gutsure ya fito, yana yi yana tsayawa. Yana da aboki, ɗan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, Kirista, daga wani ƙauye a hayin kogin Chanchaga. Tare suka yi firamare, tare suka shiga soja, jirgi ɗaya suka hau a tashar garinmu. Uwar yaron ta zo rakiya da gasasshiyar doya a ƙunshe, ta kama hannun Baffa ta ce su riƙe juna. Kaka ta tuna ta, ita ce take kawo mana itace da doya a kafaɗa shekarun baya. A can aka harbi abokin a ciki. An koya musu cewa wanda aka harba a ciki ba a ba shi ruwa, zai kashe shi, sai an kai shi gaban likita. Aka ce mota tana zuwa. Baffa ya zauna da kan abokin a cinyarsa tun hantsi har la'asar, goran yana jikinsa cike, abokin yana kiran sunansa yana roƙonsa ko ɗigo ɗaya. Ya hana shi, don yana so ya rayu. Motar ba ta zo ba.

"Na bi doka," in ji Baffa. "Da na san ko ta yaya tafiya zai yi, da na ba shi ya ƙoshi."

Tun daga ranar bai iya shan ruwan goran ba, bai kuma iya barinsa ba komai a ciki ba. Tsiyayewar da yake yi da safe ba wata shayarwa ba ce, ba ya son ruwan ya wuce kwana ɗaya ne kawai. Kuma shekara goma sha wani abu ba ya bi ta gefen kasuwar da matan ƙauye suke sauke doya, don kada ya haɗu da tsohuwar ta tambaye shi.

Kaka ta rufe fuskarta da mayafi. Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce ni na sace goran, mu muka shanye ruwan, ƙarya na yi. Na jira bulala, har na fi son a yi mini. Ba wanda ya taɓa ni. Mama ta dube ni wani irin kallo da ya fi bulalar zafi. Baffa ya ce, "Na sani, Uwata. Ƙishirwa kika ji." Ba ƙishirwa na ji ba, shi ma ya san haka.

An riga an yi magana da mai mota, don haka ranar Lahadi da safe ya zo. Amma ba hanyar Bida muka bi ba. Kaka ce ta ce a juya, ta ce akwai dubiyar da ta fi wannan daɗewa a kanmu. Ita da Baba da Baffa suka shiga motar, ta tafi da ni, ban san ko horo ne ko kuwa jinƙai ba. An yi ruwan farko da asuba, ƙasa tana ƙamshi, gonaki duk an ja kunyoyin doya an ɗora musu ciyawa a ka. Muka haye Chanchaga, muka bar kwalta, motar tana tangaɗi. Baffa yana gaba, hannunsa a kan goran har muka isa.

Muka sami uwar abokin Baffa a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa tukuf, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya. A jikin ƙofar an zana gicciye da farar ƙasa. Ta ƙura wa Baffa ido, ta ce da irin Hausarsu, "Kai ne abokin yaro na. Ka tsufa." Baffa ya durƙusa ya gaya mata duka, bai rage komai ba. Ta saurara, hannunta bai daina ɓarar gyaɗar ba. Da ya gama ta yi tambaya ɗaya: lokacin da ya cika, akwai mutum kusa da shi? Baffa ya ce kansa yana kan cinyarsa. Ta ce takarda kawai aka aiko mata, duk shekarun nan tana ganinsa shi kaɗai a daji. Sannan ta nuna kwankwasonsa.

"Shi ne wannan? Kawo. Ni ne na haife shi. In yana jin kishirwa, ni ne yana ji."

Baffa ya kwance goran, Baba ya taya shi buɗewa. Ta kafa kai ta sha, ta huta, ta ƙara sha, har ta kaɗa shi ba a ji komai ba. Ta goge bakinta da bayan hannu ta miƙa masa. Ta ce, "Ya sha."

Ranar na fara ganin namiji babba yana kuka da murya, na kuma ga Kaka da wannan tsohuwa sun rungume juna, ɗaya da carbi, ɗaya da gicciye a wuya. Da za mu taho sai da ta cika mana bayan mota da doya, duk yadda Baba ya ce a'a.

Ba zan ce maka Baffa ya zama wani mutum daban ba. Ya ci gaba da gyaran kekensa da rashin son surutunsa har ya koma ga Allah, ina da ɗa biyu a lokacin. Amma ba a ƙara maganar mai magani ba, kuma duk sabuwar doya sai ya hau kekensa ya haye Chanchaga. Jefi-jefi yakan tsaya a taga in ana fim, ya ce wa Yaya ba haka ake kwanciya ba in ana harbi, ko ya ce ina waɗannan suke samun takalmi mai kyau haka. Mu kuma muka daina tura wuraren nan gaba.

Yau jikokina a waya suke kallon yaƙi, kowa shi kaɗai, da abu toshe a kunne. Mijina yana cewa finafinan nan ƙarya ce zalla, ba abin da suke koya wa yara sai son bindiga. Ba na musa masa, yawancinsu haka suke. Amma na san wata ƙaryar da ta tsaya minti biyu ta nuna mutum yana neman ruwa, ta faɗa wa gidanmu abin da muka zauna da shi shekara da shekaru ba mu tambaya ba. In na bi hanya na ga yaran nan masu kaki a shinge, rana tana dukansu, nakan tuna kowanensu akwai wadda ta raka shi tasha. Shi ya sa ba na rabuwa da ruwan leda a mota.

Goran yana wajena, Baffa ne ya ce a ba Uwata. Da jikar tawa ta gama cin abinci na ciro shi daga akwati na nuna mata. Ta kaɗa shi a kunnenta ta ce, "Kaka, ai ba komai a ciki, in zuba miki ruwa?" Na ce a'a, ta bar shi haka. Mai shi ya riga ya sha.